Badon Sahura

Sanda ta uku ce ta karya hannun Haris mai tsire, amma Namadi bai tsaya ba.

"Mi ka zuba ma ɗiyata? Tun da Sahura ta ci tsirenka cikinta ke kumbura, zawo ya ƙi tsayawa!"

Haris na kwance cikin jini yana rantsuwa, sai ga Innar Namadi ta diro daga kabu-kabu, ta dawo daga asibitin Gummi.

"Aje sandar nan! Likita ya ce ba guba ba ce. Tsutsa ce a hanjinta, irin mai maƙalewa a ɗanyen bado. Wa ke ba ta bado?"

Namadi ya dafe aljihunsa da ke ɗigar ruwa. Yau ma ya biya tafki ya tsinko mata.