Kabari a Cikin Shingen Nok

Mai gadi ya tare shi a bakin shingen waya. "Baba, fartanya ta tsaya a waje. Nan ko ciyawa ba a cirewa."

"Gonata ce fa, ɗana. Matata na kwance a ciki."

"Doka ce, Baba."

Tsohon da kansa ya kirawo jami'an kayan tarihi bara, ranar da garmarsa ta tono kan mutum na yumɓu a kunyar citta. Har a rediyo aka ji muryarsa. Da suka kewaye wurin, shingen ya haɗa da kabarin matarsa, wanda bai taɓa kafa wa gicciye mai suna ba. Kowace shekara cewa yake sai an haƙe citta.

Ya jingine fartanyar ya shiga. An share kabarin tas, an gyara jerin duwatsunsa. A wajen kai akwai ƙaramin allon ƙarfe, irin na sauran ramukan da jami'an suka haƙa. Ya roƙi mai gadin ya karanta masa.

Mai gadin ya daɗe yana duban allon.

"Baba, sun rubuta ba a san mai shi ba."