Leƙe Ɗaya a Minti

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Tunda kun ce ta zo, ku matso.

Ranar da wani saurayi ya gaji da uwarsa, lamba ɗaya kawai ya sauya a cikin na'urar kiranta.

Shi ya haɗa mata ita, autanta mai karatun injiniya a Wudil, bayan ɓarin jikinta ya shanye. Maɓalli ne a gefen katifa. Na'urar tana leƙa shi sau dubu a sakan, da ta tarar da yatsa a kai sai ƙararrawa ta kaɗa a ɗakinsa. To, kira ya yi yawa: ruwa, juyi, wani sa'in ma hira kawai take so. Sai ya mayar da leƙen sau ɗaya a minti. Ita kuwa yatsanta rawa yake yi, kafin a leƙo ya zame.

"Auta, na danna, ba ka zo ba."

"Haba Inna, inji ba ya ƙarya. Ke ce ba ki iya dannawa ba."

"To, ka yi haƙuri da ni," in ji ta.

Wata Asabar da hantsi yana karatu, ƙararrawa ta kaɗa, ta ƙi yin shiru. Ya shiga ɗakinta yana tsaki. Yatsan yana kan maɓallin, ya daina rawa.

An binne ta a garin Darki bayan la'asar. Shi kuwa ya gama karatunsa, har yau ana sa masa albarka saboda na'urar da ya yi wa uwarsa.