Roba Mai Shuɗin Murfi

A gaban mata fiye da talatin, ranar sunan ɗan maƙwabcinsu Seini, Kausara ta zaro robar man haɗi daga jakar Nasira, ta shinshina, ta juye shi a kwata.

"Sista Nasira, wannan abin ne ke cin fuskarki. Ba shi da kyau koraa, ko kaɗan."

Aka yi dariya. Nasira tela ce a Dichemso, shekara goma tana fama da ƙurajen fuska, babu mai haɗa man shafawa a Zongo da bai san ta ba. Abin ya soke ta har ƙashi. Washegari Kausara ta zo ba da haƙuri. Nasira ta ce mata daga yau ko ruwa ne ya bi ta hannunta ba za ta sha ba.

Gidan haya ɗaya suke, ƙofa na kallon ƙofa. Kausara na aiki a wani kantin magani a Atonsu, kuma tun tana yarinya ba a taɓa ganin ƙurji ko ɗaya a fuskarta ba. Irin waɗannan su ne gwanayen wa'azi. Saura wata biyu bikin Kausara, Nasira kuwa ta san mai haƙuri yakan dafa dutse.

Dutsen ya nuna wata Laraba. Tana shanya a tsakar gida ta jiyo Kausara a waya da yayanta na Italiya, tana godiyar saƙo. Wai wani sabon mai ne. Tsofaffin mayuka busar da ƙurji suke yi ko su saɓule fata, shi wannan toshe wa sinadarin jikin da ke sa fuska tsatso maiƙo hanya yake yi, a kan fatar kanta. Kausara ta ce waɗancan goge ruwa suke daga ƙasa, wannan famfon yake rufewa.

Nasira ta leƙa ta taga. Ga Kausara tana matse man daga tubunsa zuwa cikin robar man kaɗanya, irin mai shuɗin murfin nan da babu ɗakin da ba ta a Zongo.

Ashe nan asirin yake! Ana shafa maganin Turai a ɓoye, ana fitowa ana cewa halitta ce.

Ranar Alhamis da hantsi, Kausara na wurin aiki, mabuɗinta na ƙarƙashin turmi kamar kullum. Nasira ta shiga. Ta kwashe man tas, ta zuba shi a kwata, yadda aka yi wa nata. Ta cika robar da mayukan bilicin kala uku, mafi zafin da kasuwa ke da su, ta murje su da man kaɗanya don ya kashe warin. Ta lallaɓe saman da bayan cokali. So take amarya ta fito ranar biki da fuska dabbare-dabbare, matan nan talatin su samu sabon abin dariya.

Sai zaman jira. Kullum da safe Nasira na bakin famfo da buroshi a baki, tana ƙare wa Kausara kallo. Mako biyu, babu komai. Mako huɗu, sai ma ƙara sheƙi take.

Ita Nasira ce ta rame. Tun ranar suna ta bar man haɗi don kunya, a 'yan makonnin nan kuma ba ta shafa komai sai man kaɗanyar da mahaifiyarta, Mma Memuna, ta ce an aiko daga Bawku. Duk da haka kumatunta suka yi fari fat, goshi ya yi baƙi, ƙurajen suka dawo da 'yan'uwansu. Ta ɗora laifin kan baƙin ciki, ta ƙara tsanar Kausara. Masu kawo ɗinki suka koma yi mata magana suna kallon keken ɗinki.

Ana jibi biki, Kausara ta tare ta a zaure. Ta daɗe tana duban fuskarta, idonta ya ciko, ta wuce. Nasira ta ji kamar ta shaƙe ta. Har da tausayi?

Ta shiga ɗaki ta tarar da Mma Memuna zaune, ta yi tagumi, robar Bawku mai shuɗin murfi a cinyarta.

"Nasira, ki yafe mini, ƙarya na yi miki. Ba daga Bawku ya zo ba. Kausara ce ta sa yayanta ya aiko miki maganin nan mai tsada paa, ta ce tunda kin rantse ba ki karɓar komai daga hannunta, in ce man kaɗanya ne."