Awarwaron Kaka Tabawa

Tun da awarwaron zuciya ya shigo gari, doguwar gaisuwa ta mutu. Kowa na sanye da nasa, dangi na ganin launinsa a waya: kore kwanciyar hankali, ja damuwa.

A jami'a, malamin ilimin halayyar ɗan'adam ya ba su Sakina aiki: kowa ya gaida tsoho irin gaisuwar da, ya karanci fuskarsa ba tare da duba waya ba. Sakina ta ce ta samu banza, don kakarta Tabawa shekara uku ke nan kore shar.

Ta tarar da ita tana ɓarar gyaɗa.

"Kaka, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, ƙawata."

Suka sha hira da dariya har la'asar. Sai da Sakina ta miƙe ta lura babu komai a hannun tsohuwar.

"Kaka, ina awarwaronki?"

Tabawa ta nuna tunkiyarta tana tuƙa a inuwa, abin ɗaure a ƙafarta.

"Ita ce ba ta da damuwa. Ni kuwa, mai son sani ya tako ya tambaya."

Sakina ta koma ta zauna.