Baƙin Mai a Hannun Alhaji

Alhaji Tukur ya jingine kekensa a bango, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin jif ɗin, ya kwanta rigingine da sifana a hannu. Bayansa ya amsa, ya ja tsaki. Dattijo da furfura a gemu, wanda duk dillalan shinkafar Haɗeja suka san sunansa, shi ne yau a ƙarƙashin mota zai yi juyen mai da kansa.

Yunusa kuwa yana can gindin darbejiyar tsakar gida, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana latsa waya. Alhaji yana hango takalmansa masu ƙyalli ta ƙasan motar, kuma ganinsu kaɗai ya ishe shi takaici. Shi ya ɗauko Yunusa daga Miga ko sitiyari bai iya riƙewa ba, ya koya masa tuƙi, ya damƙa masa makulli. Shekara da shekaru yana jan motar nan, amma har gobe bai san bambancin man kirki da na banza ba. Tun da ya fara bin 'yan siyasa kuwa, sai kan ya ƙara kumbura, ƙwaƙwalwar tana nan yadda take.

Notin ƙasan injin ya saki. Mai ya zubo cikin roba, baƙi ƙirin, tsararo kamar ruwan kwata. Alhaji ya murza shi tsakanin yatsu, ya girgiza kai. Wannan aikin Yunusa ne. Shi ya dage wancan karon aka zuba man kwalba na bakin titi, wai ai mai duk mai ne. To, araha dai ba ta ado. A tsakiyar fadama, kan hanyar Auyo, fitilar mai ta kama, inji ya shiga ƙugi kamar na niƙa, mota ta tsaya cak. Manoma suna wucewa a kan babura suna dariya, sai masunta ne suka tausaya suka tura ta gefe.

A ranar magana ta yanku a gidan: in motar nan ta ƙara tsayawa a hanya, direba ya nemi wani aikin. Direban kuwa yana da bakuna a gida suna jiran tuwo, kuma aiki a garin nan yanzu ba a tsintarsa a ƙasa. Ga shi gobe akwai ɗaurin aure a Auyo, za a jera da motocin manyan mutane.

Shi ya sa Alhaji bai yarda a kira bakanike ba, bai kuma yarda Yunusa ya sa hannu ba. Da kansa ya zaɓo motar nan a Kano shekarar da shinkafa ta yi albarka, kafin ambaliyar da ta share fadama ta bar mutane da yawa hannu Rabbana. Ya san kukanta, ya san tarinta.

Tsohuwar filta ta ƙi fita. An ɗaure ta tamau kamar da gaba, irin ɗaurin wanda ƙarfinsa ya fi hankalinsa yawa. Sai da ya naɗa tsumma ya yi ta murzawa har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ta kwance. Ya shafa sabon mai a robar sabuwar filta, ya ɗaura da hannu, ya mayar da noti, ya fito ya ɗaga bonet ya juye galan ta mazurari.

Aka aiko da fura daga cikin gida, kwano ɗaya. Yunusa ya karɓe ya kafa kai, ko bismillah ta fatar baki bai yi ba. Alhaji ya haɗiye yawu. Hali zanen dutse, wanda bai gaji arziki ba ai ba ya koyonsa da rana tsaka.

"Alhaji, har yanzu?" in ji Yunusa, yana lashe ludayi.

"Saura ƙiris."

Ya tayar da injin, ya durƙusa ya leƙa. Mai na ɗiga daga wuyan filta, ɗis, ɗis, sabo fil. In da haka za a tafi gobe, ko rabin hanya ba za a kai ba. Ya kashe motar da sauri, ya saci kallon gindin darbejiya, ya sa ƙafa ya tura ƙasa kan man da ya zuba.

Ya sake kwanciya, ya kwance filtar. Mai zafi ya gangaro masa har gwiwar hannu, bai ko ce wash ba. Da ya laluba da yatsa sai ya ji robar tsohuwar filta a manne a mazauninta, ashe a kanta ya ɗora sabuwar. Ya ɓanɓare ta, ya cusa a aljihu, ya sake ɗaurawa, ya cika man, ya duba geji. Wannan karon injin ya tashi lafiya lau, ƙasa a bushe.

Ya wanke hannu, ya goge makullin da gefen rigarsa, ya nufi gindin bishiyar. Sakaran ko ɗago kai bai yi ba.

"Ta yi?"

"Ta yi."

"To, gobe ma gani. Magana dai tana nan yadda take."

Alhaji Tukur ya russuna ya miƙa makullin da hannu biyu, ya ce, "Ba za ta tsaya ba, ranka ya daɗe," sannan ya ja kekensa ya fice daga gidan da ya sayar wa Yunusa haɗe da motar bayan ambaliya, yana roƙon Allah jibi ma ya wayi gari yana direbansa.