Tabarau Ba Ya Ɓoye Mutum

"Fim ɗin nan ƙarya ce tsagwaronta!" in ji Muniru, yana buga cinya a gaban abokansa a tsakar gidansu da ke Zongo. "Mutum yana tashi sama, yana ɗaga jirgi, amma da ya saka tabarau sai abokan aikinsa su kasa gane shi? C'est pas possible! Ba zai yiwu ba!"

Ƙanwarsa Adjara tana gefe tana tsince shinkafa. Baba ya rantse duk 'yarsa da ta taka silima ta gama boko, shi ya sa take ta cije leɓe.

"Yaya, ai yana yiwuwa."

Abokansa suka bushe da dariya.

Muniru ya ce, "Ke da ba ki san ƙofar silima ba? Ni ko a buhu aka sa nawa, sai na gane shi."

Adjara ta dire faifan shinkafar.

"To, yaron nan mai hula da tabarau da ya zauna kusa da kai a silima ranar Asabar, har ka ba shi gyaɗa, ɗan gidan wa ne?"

Muniru ya saki baki.

"Je ka faɗa wa Baba," ta ce. "Amma ka fara da yadda ka kasa gane rigarka a jikina."