Sunan da Inna Ba Ta Kamawa

Tun da na'urar 'yan damfara ta iya kwaikwayon muryar kowa, ba wanda ke yarda da kunnensa a Funtuwa.

Ranar Laraba ina shagon ɗinkina waya ta yi ƙara. Muryar Inna ce sak, har da ɗan tarin nan nata.

"Sagiru, banki za su rufe katin bashinmu. Maza karanto min lambar da suka turo maka."

Na kashe wayar. Ni ne ɗan farinta, tun da ta haife ni bakinta bai taɓa kama sunana ba.

Da yamma na biya gida na ba ta labari. Ba ta dube ni ba, sai ta juya wajen ƙanwata.

"Rakiya, kin ji abin da ya ceci wannan yaron? Ke da kike cewa kunyata ƙauyanci ce."

Sai wayar ta sake ƙara a aljihuna. Muryar Inna ce kuma, alhali ga ta a gabana tana tsintar shinkafa.

"Kai, wannan yaron..."

Inna ta fizge wayar. "Baiwar Allah, kina da saurin koyo, amma da sauranki. Ni ko a waya ba na kiransa, Rakiya nake aikawa."

Rakiya ta laluba jakarta a hankali, ta kashe tata wayar tun kafin na'urar ta kira ta da muryar Inna ta aike ta.